Motar da Ba Ta Ɗaukar Buhu

Yayana ba ya magana a waya, ihu yake yi. A tunaninsa tunda wanda yake kira yana nesa, dole a taimaka wa wayar da maƙogwaro. Na yi masa bayani har na gaji. Na ce, "Yaya, ko raɗa ka yi zan ji ka." Ya ce don na san allura ba shi ke nan na san waya ba. Da matarsa ta koya masa tura saƙon murya kuwa, abin ya wuce misali. In na ga saƙonsa ina wurin aiki, sai na zaga bayan ɗakin gwajin jini kafin in buɗe, don kada marasa lafiya su zaci gobara ce ta tashi.

Saƙon da ya fi kowanne ƙarfi shi ne wanda ya turo mini ranar da ya fara ganin motata.

A wani asibiti nake aiki a Haɗejiya, a ɗakin gwaji, shi ya sa kowa ke ce mini Likita, ni kuma na daina musu. Motar a Kano na samo ta. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, ga ta a ƙasa-ƙasa, in ka zauna a ciki kamar a tabarma kake. Ta daɗe a wurin dillalai tana shan rana, don babu mai iyalin da zai kalle ta sau biyu, shi ya sa ma hannuna ya kai. Tun ina firamare akwai hoton irinta a bangon littafin rubutuna, kuma tun a lokacin na ƙudura. Na haura talatin ban yi aure ba, babu mai tambayata kuɗin cefane, na rufe ido na saya.

Abin da ban tsaya na duba ba shi ne shekarar da na saya. A daminar nan ruwa ya cinye shinkafar Yaya ƙurmus, ko iri bai fitar ba. Yaya kuwa shi ne ubana tun da mahaifinmu ya rasu ina aji uku. Shi ya bar makaranta ya kama gona da 'yan shanun da kakanmu ya bari, kuma duk takardar da na samu akwai sa ko karsanar da ta tafi kasuwar Kafin Hausa a kanta. Bayan ambaliyar na kai masa abin da na iya, ya mayar mini, ya ce babba ba ya miƙa hannu ga autansa yana da ƙafa biyu. To shi ne ni ma na ɗauki girman kaina na tafi Kano.

Ranar wata Juma'a na kai motar ƙauyenmu, can wajen Auyo. Jama'a suka taru. Yaya ya fito, ya zagaya ta sau ɗaya hannuwansa a baya, ya ce in buɗe but, wato ma'ajiyar kaya ta baya. Na buɗe. Ya leƙa, ya daɗe yana kallon ɗan ramin nan, sannan ya rufe da kansa ya ce Allah ya sa alheri. A gaban mutane iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ina isa Haɗejiya saƙo ya shigo.

"Kai Auta! Kai! Kai! Haba! Wannan mota ce ko takalmi? Motar da ko buhu ɗaya ba ta ɗauka! Kai! Tir! Haba Auta!"

Wallahi ya yi mini ciwo. Ban ba shi amsa ba, ban kuma goge saƙon ba. Na ajiye shi, in na ji fushina ya fara sauka sai in sake saurara. Washegari na je shagon wani maƙwabcina mai sayar da hatsi, na ce ya ara mini buhun shinkafa na minti biyar. Mu biyu muka yi ta dannawa, mu juya ta nan mu juya ta can, murfin but ya ce bai san zance ba. Mai shagon ya share gumi ya ce, "Likita, ko a tiya-tiya za ka riƙa ɗauka?" Na biya shi da harara na tafi.

Sai na mayar da hankalina kan abin da zan iya gyarawa, wato sauti. Sifikun da motar ta zo da su duk sun yage, in ka kunna sai ka ji kamar ƙudan zuma a gwangwani. Ni kuwa mutumin ganga ne. Muna yara in an yi gayya a fadama, babbar gangar nan ta noma ba a kunne nake jin ta ba, a ƙirji take dukana, kuma abin da nake nema a motar ke nan.

Akwai wani rewaya, mai gyaran wutar mota, a bayan tasha, dattijo ne mai furfura, gilashinsa ɗaure da wayar wuta. Shi na kai wa. Ya ce aiki mai sauƙi ne, a haɗa babban akwatin ufa a cika but da shi, yadda samari ke yi, in na wuce ta kasuwa har tulun masu ruwa ya amsa. Ufa ita ce sifikar da ke fitar da kaurin sauti, wanda 'yan zamani ke kira bas. Na ce a'a, but ba za a taɓa shi ba.

"Me kake sawa a ciki?"

"Ba komai."

"To ba komai ɗin kake wa gadi?"

Na ce shi dai ya bar shi. Ban iya gaya masa cewa but ɗin da na riga na tabbatar ba ya ɗaukar buhu, har yanzu buhu nake ajiye wa wurin ba. Taurin kai gadonmu ne, ba Yaya kaɗai ya kwashe ba.

Don haka muka yi odar ƙananan ufa guda biyu daga Kano, irin shafaffun nan masu kaurin yatsa huɗu, kowacce da amfilifayarta, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a ciki. An yi su ne don a tura ƙarƙashin kujera, amma ƙarƙashin kujerar motata ko tafin hannu da ƙyar yake shiga. Rewaya ya tura kujerun gaba, ya kwanta a ciki rabin jikinsa a waje, ya yanka kwali daidai da ɗan sararin da ke bayan kowace kujera. Muka kai wa kafinta kwalin ya fitar mana da katako irinsa, aka ɗaure ufa a tsaye a jiki, ɗaya a bayana ɗaya a bayan fasinja. Ya ja jar waya mai kauri daga batir, ya sa mata fis tun kusa da batir ɗin, ya ce wanda ya sa fis a nesa gobara yake gayyata. Ya kankare fenti har ƙarfe ya yi fari kafin ya ɗaura baƙar waya. Muka sa sababbin sifiku a ƙofofi, da wasu 'yan mitsi-mitsi masu tsiwa kusa da madubi.

Da aka gama na zauna, na kunna kiɗan gangar da na fi so, na rufe ido. Shiru. Muryar mawaƙi na fita tas, kalangu na fita, amma gangar babu ita. Na sa hannu a bayana, ufa tana motsi. Na taɓa ɗayar, ita ma tana motsi. Raina ya ɓaci, na fara cewa 'yan Kano sun cuce ni.

Rewaya ya leƙa bayan kujerun. Ya zare wayar ɗaya, sai ga ganga ta fito. Ya mayar, ta ɓace. Ya yi dariya har gilashinsa ya zame.

"Laifina ne, na juya wayar wannan. Ɗaya tana turawa, ɗaya tana ja, ƙarfinsu duk a kan juna yake ƙarewa." Ya kalle ni ta saman gilashi. "Yaushe rabonka da ƙauye, Likita?"

Na ce ya yi aikinsa. Ya juya wayoyi biyu, ya ce in ƙara. Gangar ta dake ni a gadon baya har na ce wash.

Amma da gangar ta zo, sai ta zo da 'yan rakiya. Duk abin da ke kwance a motar nan ya tashi yana kaɗawa. Ƙofa na zizza, akwatin gaban fasinja na karkarwa, murfin but na amsawa, lambar motar ta baya kuwa kamar ana kaɗa faranti. Asabar uku muka yi muna farautar ƙarar nan. Ni ina ciki ina maimaita wuri ɗaya a kiɗan, shi yana zagayawa yana ɗora tafin hannu a jikin mota, inda ya dafa ƙara ta mutu, nan ne. Muka yanka tsohon tif na taya, muka yagi soson katifa, muka sayo ledar nan mai kwalta da ake liƙe yoyon rufin kwano, muka bi cikin ƙofofi da ita. Lambar baya ce ta ƙarshe, ya sa mata roba a kusurwa huɗu ya ɗaure tam.

Ranar da sautin ya fito wasai, na hau titin Kafin Hausa da la'asar ni kaɗai, tagogi a rufe. Ganga a bayana, kalangu a gabana, babu ko ƙwaya ɗaya ta ƙara. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba a kan wani abu da na mallaka. Har na kai hannu zan kira Yaya in ce saurara, sai na tuna muna fushi. A lokacin na kusa wata uku ban taka ƙauye ba.

Da bazara ta kankama, wata safiya matar Yaya ta kira ni. Mu da ita wasa ne tsakaninmu, kullum da "mijina, ina kuɗin cefane?" take farawa. Ran nan ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Muryar Yayanka ta tafi. Jan-baki sun sauka."

Duk wanda ya tashi a fadamar nan ya san jan-baki. 'Yan tsuntsaye ne da ba su cika tafin hannu ba, amma in suka taso daga cikin kacala, doguwar ciyawar nan da ta cinye bakin kogi, sai ka rantse hayaƙi ne. Lokacin da shinkafa ta fitar da kai tana nono suke so, su tsotse ta su bar maka ƙaiƙayi a tsaye. Maganinsu ɗaya ne tun kaka da kakanni: a ja igiyoyi a kan gona a rataya gwangwanaye, mutum ya hau rumfa yana ja yana ihu daga fitowar rana har faɗuwarta.

Ta ce shanu biyu ya sayar ya yi wannan noman ranin. Kwana tara ke nan yana ihu shi kaɗai, don kowa na kan tasa gonar, babu wanda za ka ɗauka, kuma ya rantse ba zai cire 'yan matansa daga makaranta su zo jiran tsuntsu ba. Jiya ya buɗe baki iska kawai ta fito. Sannan ta rage murya ta gaya mini abin da ya hana ta faɗa. Wani mai kuɗi daga gari ya zo sau biyu yana taka gonar. Yaya ya ce in wannan shinkafar ta bi ta damina, zai sayar ya tafi kudu neman aikin gadi.

Gonar mahaifinmu ke nan. Mutumin da ya haura arba'in, wanda bai taɓa kwana bakwai a wajen ƙasar Haɗejiya ba, shi ne zai je ya zauna a ƙofar gidan wani yana buɗe get.

Na nemi hutu a ranar. Kuma ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ba tausayi kaɗai ya sa ni a hanya ba. Ina tuƙi ina cewa a raina, yau Yaya zai ga aikin takalmi. In ihun mutum ɗaya yana korar tsuntsu, ina ga sautin da ke girgiza titi?

Daga ƙauye zuwa gona hanyar babura ce a kan gaɓa. Cikin motar ya yi ta gurzar ƙasa, kowace gurza ina jin ta a haƙorina. Saura kaɗan in kai, sai ga magudanar ruwan ban-ruwa ta ratsa hanya, faɗinta ya kai taki biyu. Na fito na tsaya ina kallo. Manoman kusa suka sauko daga rumfunansu, wani dattijo a cikinsu ya ƙwanƙwasa jikinta ya ce, "Wannan ai ba ta kai kwalekwalena nauyi ba." Ban ankara ba an kawo katakai biyu an shimfiɗa, mutum goma sun kama ta, wani ya ba da baki yadda suke yi in za su tura jirgi ruwa, suka ɗaga suka ja suka dire ta a wancan gefe. Ina biye ina cewa a hankali, a hankali, babu mai saurarona.

Da na ga Yaya sai duk abin da na shirya faɗa ya gudu. Ya rame, leɓɓansa sun tsage, tafin hannunsa ya ɗure da ƙuraje saboda igiya, ya naɗe shi da tsumma. Na durƙusa na gaishe shi. Ya buɗe baki, babu abin da ya fito, sai ya dafa kaina kawai. Yana cikin haka wani gungu ya sauka a tsakiyar gonar. Ya juya ya fizgi igiya, gwangwanaye suka yi 'yar ƙara, tsuntsayen ko ɗagowa ba su yi ba. Sun gane babu murya a bayan igiyar.

Na ce, "Yaya, zauna ka huta. Bar ni da su."

Na buɗe ƙofofin biyu, na kunna gangata, na murɗa har ƙarshe. Ƙasa ta amsa. Ruwan cikin fangalin shinkafa ya riƙa rawa. Tsuntsayen suka tashi sau ɗaya, suka yi kewaye, suka dawo suka sauka, wasu ma kusa da motar, suka ci gaba da ci kamar an kawo musu makaɗa wurin walima. Na canza kiɗa, na sa mai zafi. Ko a jikinsu. Da na waiga, manoman da suka ɗauko motar suna kan rumfunansu suna kaɗa kafaɗa. Yaya yana tsaye da igiya a hannu yana kallona, ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Na zauna a kujera gumi na zuba, na ciro waya in kira rewaya ko yana da dabara. Wayar a haɗe take da motar. Hannuna jiƙe, ido na yaji, na danna inda ban yi niyya ba.

"KAI AUTA! KAI! KAI! HABA!"

Gonar gaba ɗaya ta tashi sama. Ban taɓa ganin irin haka ba, har inuwa suka yi mana kafin su karkata su nufi kacala.

"WANNAN MOTA CE KO TAKALMI? MOTAR DA KO BUHU ƊAYA BA TA ƊAUKA! KAI! TIR!"

Saƙon ya ƙare, fadama ta yi tsit. Sai dattijon nan mai kwalekwale ya fashe da dariya daga rumfarsa, sauran suka ɗauka. Ni dai da ƙasa za ta tsage da na shige. Na saci kallon Yaya. Ya saki igiyar, ya zauna a kan kunya, kafaɗunsa na girgiza. Dariya yake yi babu sauti, hawaye na bin gemunsa. Da gungu na gaba ya taso, ya ɗago hannu ya nuna mini wayar, wato sake.

Har rana ta faɗi ina sakewa. Amma na lura da abu biyu. Muryar ba ta kai can ƙarshen gonar da ƙarfi, a can suna sauka abinsu. Sannan robar lambar baya ta faɗi wurin ɗaukar motar, kuma duk sanda na koma kan ganga lambar ta kama karkarwa, tsuntsayen da ke bayan motar ne kaɗai suke watsewa. Na gaya wa rewaya duka a waya. Ya ce in kwana a nan, yana zuwa.

Da hantsi sai ga shi a kan babur, da ƙatuwar naɗin waya a bayansa da jakar kayan aiki. Ya taka gonar daga wannan kai zuwa wancan, ya dawo ya tsaya a gaban motar.

"Likita, tsuntsu ba ya jin tsoron bas, ƙara yake tsoro da muryar mutum. Kuma sauti yana cikin mota, tsuntsu yana gona. Sai mun ciro komai."

Na kalli motar. Na san yadda muka liƙe ƙofofin nan, na san ba za su fito lafiya ba. Ina jin kunyar faɗa, amma zuciyata ta yi nauyi a kan 'yan sifiku alhali gonar ubana na gabana. Yaya ya gane. Ya zo ya tsaya tsakanin rewaya da motar, yana kaɗa hannu yana girgiza kai, wato a bar wa yaro abinsa. Wannan hannun mai tsumma da ya ɗaga don ya kare mini abin wasana, shi ya gama da ni. Na karɓi sukundireba daga hannun rewaya na fara kwance ƙofar da kaina.

Ledar kwalta ta yage, 'yan maƙallan roba suka kakkarye. Muka sa kowace sifikar ƙofa a cikin bokitin roba don ya tura sautin gaba, muka ɗaure a kan dogayen sanduna a kusurwoyi biyu na nesa, aka ja waya ta kan kunya har mota. Ufa biyun kuma muka kwantar da su rigingine a kan katakonsu, ɗaya gabas ɗaya yamma, muka kifa wa kowacce tsohon kwanon rufi, muka zuba tsakuwa da marafan kwalba a kai. Da na kunna ganga, kwanon ya ɗauki wata irin kururuwa da ta sa ni kaina na toshe kunne. Rewaya ya gyara gilashi ya ce, "Ikon Allah. Asabar uku muna kashe ƙara, yau ga mu muna kiwonta."

Kusan sati uku na yi a gonar nan. Muka yi wa motar rumfar zana. Da an sallame asuba muna can, ni a kujerar direba, Yaya a kan rumfarsa inda yake hango ko'ina. In ya ɗaga hula, murya ke nan. In ya ɗaga hannu biyu, kwano. In ya dafa ƙirji, in bari su sauka tukuna. Dole ce ta sa muka koyi wannan, don a kwana na uku jan-baki suka fara sabawa, sai mun riƙa sauya musu, yau sanda a nan gobe a can, wani lokaci murya da igiya tare, wani lokaci shiru mai tsawo sannan a sake musu duka. Ina tayar da inji in kashe don kada batir ya mutu, ina ba lagireto ruwa daga magudana. Rabon da mu yi aiki ɗaya ni da Yaya tun ina bin sa kiwo da 'yar sandata.

Maƙwabcinmu na arewa ya zo ya ce tsuntsayen da muke kora a gonarsa suke sauka, kuma gaskiyarsa ce, sai muka matsar da sanda ɗaya kan iyaka ta riƙa yi mana aiki tare. Kafin sati ya zagayo babu wanda bai haddace saƙon ba a fadamar nan. In na shiga masallaci ana ce mini, "Likita, ya takalmi?" Matar Yaya in ta aiko da fura sai ta ce a kai wa mai takalmi. Da farko ina cika ina batsewa, daga baya na riƙa amsawa da cewa takalmi na gaisuwa. A kwana na goma sha ɗaya ufar gabas ta yi wari ta mutu, zafin kwano ya dafa ta. Na ɗauke ta na ajiye a inuwa, muka ci gaba da ɗaya.

Ba duka muka tsira da ita ba. Kusurwar da ke fuskantar kacala ta tafi, in ka murza kan shinkafar a hannu iska ce. Amma sauran ta yi ƙwari, ta sunkuya, ta yi ja, kuma da ƙwaya ta yi tauri tsuntsayen suka rage zuwa da kansu. Ranar da aka fara yanka, mai kuɗin nan ya zo karo na uku. Muryar Yaya ta fara dawowa a lokacin, a dishe. Ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka dama masa fura, ya yi ta yi masa hirar zafin bana har mutumin ya gaji ya yi sallama. Maganar gona ko sau ɗaya ba ta taso ba.

Yaya bai ce mini na gode ba, ni ma ban sa rai ba, ba a haka muka tashi ba. Ranar da zan koma aka sake ɗauke motar aka tsallakar da ita. Ƙofofinta tsirara, wayoyi a waje, jan fentin ya koma ruwan ƙasa. Na tsaya a ƙofar gida ina sallama, sai matar Yaya ta ce daga zaure, "Mijina, buɗe but."

Na ce, "Kin san dai ba ya ɗaukar komai."

"Kai dai buɗe."

Sai ga Yaya ya fito da buhu a kafaɗa. Ban taɓa ganin buhu irinsa ba. Gajere ne, mai faɗi, shafaffe, gefe ɗaya an yanke shi an shigar da shi ciki, duk ɗinkin hannu ne da zaren buhu. Ya sauke shi a but. Buhun ya zauna daram, yankakken gefen ya rungumi tudun taya. Ya sa hannu ya danna murfin, ya rufu ƙas.

Daga baya matarsa ta gaya mini cewa duk sanda na tafi magudana yin alwala, sai ya sauko daga rumfa ya auna but ɗin da igiya, yana ƙulla ƙulli a kowace kusurwa. Sau uku yana farke ɗinkin yana sakewa, da hannun nan mai ƙuraje.

Ya tsaya tafinsa a kan murfin, bai kalle ni ba. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba tun da nake.

"Ashe tana ɗauka, Auta."

Na shiga mota na ja, sai da na wuce Auyo na tsaya a gefen titi na yi kukana na ƙoshi. Babu kiɗa a hanyar nan, ƙofofi na ta karkarwa, bayan motar ya ɗan zauna saboda nauyi, kuma ina jin nauyin a sitiyari a kowace kwana.

Rewaya ya mayar mini da sifikun ƙofa da ufa ɗayar da ta rayu, tana bayan kujerata har yau. Wurin ɗayar na bar shi da katakonsa. Ya ce a yi odar wata, na ce a bari tukuna, kuma lambar baya ma ban sake sa mata roba ba. Gonar tana nan. Muryar Yaya ta dawo har ta fi da, har yanzu sai na zaga bayan ɗakin gwaji kafin in buɗe saƙonsa. Buhun kuwa da shinkafar ta ƙare na wanke shi na ninke, yana cikin but. Shekaranjiya matarsa ta kira, ta ce an fara yanka, in taho da shi.